Brendan Finucane: Matuƙin jirgin yaƙin da teku ta zama kabarinsa

Brendan Finucane, wanda abokan aikinsa suka fi sani da Paddy, matuƙin jirgin yaƙi ne a Rundunar Sojin Sama ta Birtaniya a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya faɗa teku ranar 15 ga Yulin 1942 yana da shekara 21, kuma har yau ba a ga gawarsa ba.

An haife shi a Dublin ta ƙasar Ireland ranar 16 ga Oktoban 1920. Abin lura a asalinsa shi ne mahaifinsa na cikin waɗanda suka ɗauki makami suka yi wa mulkin Birtaniya bore a Dublin a 1916. Iyalin sun koma Ingila a 1936, ɗan kuma ya shiga sojan saman ƙasar a 1938. Da yaƙi ya ɓarke Ireland ta zaɓi zama 'yar ba-ruwanmu, shi kuwa yana sanye da kakin Sarkin Ingila.

Ya fara kakkaɓo jirgin Jamus a watan Agustan 1940, lokacin da Hitila ke luguden wuta a kan Birtaniya. Sunansa ya fito sosai a 1941, sa'ad da yake aiki da wata rundunar matuƙa 'yan Ostareliya. An tabbatar masa da kakkaɓo jirage 28. Wasu lissafe-lissafen na kai adadin 32. Jaridun Landan, da ke neman gwarzon da za su ƙarfafa wa jama'a gwiwa da shi, sun riƙa buga hotonsa da na jirginsa ƙirar Spitfire mai ɗauke da ganyen nan mai kunnuwa uku, tambarin mutanen Ireland. A ƙarshen Yunin 1942 aka ba shi muƙamin Wing Kwamanda, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya riƙe shi a rundunar.

Bai cika mako uku a muƙamin ba. A ranar da ajali ya yi kira, ya jagoranci jirage zuwa farmaki kan sansanin sojojin Jamus a Étaples, arewacin Faransa. Suna tafe ƙasa-ƙasa a bakin gaɓa sai wata bindiga mai sarrafa kanta ta harbo daga ƙasa, harsashi ya huda lagireton jirginsa. Ba jirgin abokan gaba ne ya kayar da shi ba, duk da gumurzun da ya sha a sama. Matuƙin da ke dafa masa baya, Alan Aikman ɗan Kanada, shi ya sanar da shi cewa ruwan sanyaya inji na zuba. Finucane ya juya zuwa Ingila, amma injin ya ɗau zafi ya mutu a kan mashigin tekun da ya raba ƙasashen biyu.

Maimakon dira da laima, sai ya yi ƙoƙarin kwantar da jirgin a kan ruwa. Wannan kasada ce babba, domin Spitfire ba ta daɗewa a saman ruwa: nauyin injinta a gaba yake, tana taɓa ruwa take kifa hanci. Aikman ya yi ta shawagi a wurin, bai ga kowa ya taso ba. An fi kyautata zaton cewa ya suma ne lokacin da jirgin ya bugi ruwa.

Dubban mutane sun halarci addu'ar da aka yi masa a babbar majami'ar Katolika ta Westminster, ba tare da makara ba.

Sunansa na nan sassaƙe a jikin dutse a ginin tunawa na Runnymede, yamma da Landan, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 17 ga Oktoban 1953. An gina shi ne musamman domin ma'aikatan sojin sama, maza da mata, sama da 20,000 da suka tashi daga sansanonin Birtaniya da arewaci da yammacin Turai, suka salwanta ba a san makwancinsu ba. An jera sunayen bisa shekarar rasuwa, Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Rainon Ingila ce kuma ke kula da wurin.

A ƙasar haihuwarsa dai karramawar ta yi jinkiri, kasancewar an daɗe ana ɗari-ɗari da waɗanda suka yi wa Birtaniya aikin soja. Sai a 2004, shekara 62 da rasuwarsa, aka dasa wani fure da aka raɗa wa sunansa a lambun tunawa na filin jirgin sojin Baldonnel, kusa da Dublin.