Baba ta Karo: Mace a Gidan Masu Rinji

Duk wanda ya tashi ba da tarihin kudancin Kano, abin da zai fara kawowa shi ne harin Ningawa, da Basasar da ta ɓarke a 1893, da yadda rundunar Morland ta fasa Bebeji a farkon 1903 a kan hanyarta ta zuwa birnin Kano. Wannan duk gaskiya ne, amma labarin maza ne. Ni kuwa a wannan ɗan rubutu so nake mu leƙa cikin gida, mu ga yadda wata mace ta ci wannan zamani.

Sunanta Baba. An haife ta wajen 1877 a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, yamma da Kiru, daf da iyakar Kano da Zazzau. Kakanninta Barebari ne. Ba su riƙe sarauta ba, amma iyayengiji ne masu rinji, watau bayi ne ke noma musu gandu. Da arzikin gidan da martabarsa duk a kan bayin nan suka tsaya. Duk da haka ba su tsira ba, domin a zamanin nan mai bawa da safe yana iya wayar gari shi ne bawa. Mahara sun taɓa kame wasu matan danginsu, sai da aka bi sawu aka fanso su da ɗimbin kuɗin wuri.

To, sai ga Turawa. Dokar Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Ba a soke bautar baki ɗaya ba sai 1936, amma tun kafin nan rinji ya fara watsewa. Wasu bayin suka gudu, wasu suka fanshi kansu, iyayengiji suka koma riƙe fartanya, ga kuma haraji. Wani abin mamaki shi ne, bayi mata da suka sami 'yanci da yawansu sun bar gona sun shiga kulle, domin a ganinsu noma aikin baiwa ne.

A nan ne nake ganin ƙarfin Baba ya fito. Ta yi aure huɗu. Na farinsa na zumunci ne, ta karɓe shi don ta faranta wa mahaifinta rai alhali zuciyarta tana wani wuri. Ba ta yi tawaye ba, ba ta kunyata kowa ba. Ta zauna har ta sauke nauyin iyaye, sannan ta nemi saki, ta yi idda, ta auri Malam Maigari wanda take so tun da fari. Mai karatu ya lura, wannan ba haƙurin dole ba ne irin wanda muke yawan jingina wa kakanninmu mata. Haƙuri ne na mai lissafi, wadda ta san lokacin shiru da lokacin tashi. Ko aurenta na ƙarshe ma na takalmi ne, tana zaune a gidanta miji ke zuwa.

Allah bai ba ta haihuwa ba, abin da kan durƙusar da mace a irin wannan gida, musamman a gaban kishiyoyi. Ita kuwa sai ta riƙi 'ya'yan dangi, ta rene su, ta aurar da su. Ta riƙe ƙawaye, ta riƙe biki, a kai mata ta rama. Muna raina waɗannan abubuwa, muna ce musu harkar mata. Amma a ganina, da gandu ya rushe kowa ya kama gabansa, riƙo da biki da ƙulla aure su ne suka hana zumuncin tsinkewa.

A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, matar M. G. Smith mai binciken tarihin sarautar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. An buga shi da Ingilishi a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo. Ita ba ta ga littafin ba, ta rasu a 1951. Allah ya jiƙanta.