Daga Photo Souvenir zuwa salula: tarihin masu hoton Yamai da amsarmu ga wani ɗan Wadata



Makon jiya, bayan mun sauka daga shiri, wani yaro ɗan shekara 16 ya tare mu bakin tashar Wadata. Bana zai yi birbe. Ya buɗe salularsa ya nuna mana hotunan da ya ɗauka: ƴan dako da asuba, mai shayi, wata tsohuwa tana jiran motar Dogondutsi da ƙullin kayanta. Wallahi yaron yana da ido. So yake ya zama mai hoto, amma babansa ya ce masa: "Yanzu da kowa ke da waya, wa za shi biyan ka? Lakwal anka sa ka, ka yi karatu." Mun yi masa alkawarin amsa a wannan shafi, kuma amsar sai mun koma baya.

Tsofaffin Yamai ba su manta da Philippe Koudjina ba. An haife shi a 1940, asalin gidansu Togo, ya iso Yamai a 1959, saura shekara guda ƙasa ta samu ƴancin kai. Gari ne ƙarami a lokacin, ko gadar Kennedy babu, sai a 1970 aka buɗe ta. Koudjina bai tsaya jiran masu zuwa shago kawai ba. Dare ya yi, sai ya rataya kyamara ya bi gidajen rawa da wuraren biki, yana ɗaukar samari da ƴan mata cikin kwalliya, da ma'aikatan sabuwar gwamnatin Diori Hamani, da sojojin Faransa da ke zaune a garin. Shagonsa shi ne Photo Souvenir, wato hoton tunawa.

Aikin a wancan zamani ba latsawa ba ne kawai. Hoton fari da baƙi ne, kuma mai hoto da kansa yake wankewa. Ya shiga ɗakin duhu, ya jiƙa fim cikin ruwan magani, ya fitar da kilishe (ba kilishin ci ba fa, wannan baƙin fim ɗin da ake sake buga hoto da shi), sannan ya haska shi bisa takarda. Yaron da ke son koyo sai ya yi shekaru ƙarƙashin maigida, daga shara da riƙon fitila har a yarda ya taɓa kyamara. Tunda ilimin a hannun mutane kaɗan yake, kuɗin ma wurinsu yake zuwa.

A shekarun 1980 ne ƙasa ta fara zamewa. Injinan wanke hoto mai kala suka shigo biranen Afirka ta Yamma, da yawansu mallakar ƴan Koriya. Duk wanda ya samu ƙaramar kyamara sai ya je biki ya ɗauka, ya kai labo, gobe ya rarraba. Ɗakin duhu ya rasa amfani. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, fim da takarda da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Mu da muka tashi a shekarun 1990 da farkon 2000, waɗannan masu yawo da kyamara muka sani. Ranar Salla a kai mu Musée, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, mu tsaya ƙiƙam da sabon ɗinki, mu yi kwanaki muna jiran hoto ya fito. Su ma nasu zamanin bai daɗe ba: kyamarar da ba ta cin fim ta zo, salula ta biyo baya.

Koudjina ya ƙare rayuwarsa cikin rashi da rashin lafiya, har idon da ya ci abinci da shi ya daina gani. A 2006 wasu ƴan Holand biyu suka fitar da fim a kansa mai sunan shagonsa. Ya rasu a Yamai a 2014. To, in nan muka tsaya, sai mu ce baba ya yi gaskiya.

Amma mu leƙa maƙwabta, Bamako. Seydou Keïta yana yaro matashi kawunsa ya kawo masa kyamarar Kodak daga Senegal a 1935, ya buɗe shagonsa a 1948. Malick Sidibé ya fara da zama yaron shagon wani Bafaranshe a 1955, shi ma gidajen rawa ya bi, shi ma hoton kala ya karya masa kasuwa har ya koma gyaran kyamarori. Sai dai su biyun sun adana kilishensu cikin kwalaye. Da aka fara taron masu hoton Afirka a Bamako a 1994, duniya ta waiwayo kansu. A 2007 Sidibé ya karɓi lambar Zakin Zinariya a birnin Venis na Italiya. Hotunan Koudjina ma da ake nunawa a waje yau, abin da ya tsira ne daga kilishensa.

Ke nan, ƙanenmu, sau uku na'ura tana ƙwace wa masu hoto abincinsu, kuma za ta sake. Abin da ba ta ƙwace ba shi ne iya gani da iya ajiya. Kar ka bar lakwal. Yi birbenka, ka wuce lise, don mai hoton yau yana rubuta takardar neman aiki, yana lissafin farashi, yana gyara bisa kwamfuta. Ran hutu ka nemi maigida mai shago ka riƙe masa fitila a bikin aure da suna. Kowane hoto ka rubuta masa rana da wuri, ka ajiye shi waje biyu, don salula tana ɓata, tana faɗawa ruwa. Kuma kar ka ɗauki mutum sai ka gaishe shi ka nemi izini.

Baba kuma, a yi haƙuri a bar shi ya gwada a lokacin hutu. Tsoronku yana da tushe, mun faɗe shi a sama.

Saura mu. Kasuwar Wadata ta samu ne bayan gobarar babbar kasuwa ta 1982. Wa ke da hoton rumfunan farko? Wa ke da na tashar kafin ta cika haka? Ku duba ƙasan akwatin inna da cikin tsofaffin albam. Wanda ya samu, ya ɗauka da waya ya ajiye mana a ƙasan wannan rubutu, da shekara da sunan shagon in an buga shi a baya. Za mu karanto su a shirinmu na gaba, in Allah ya kai mu.