2.3 Dogon Ruwa a Tarihin Gandun Dajin Kamuku

Wannan fasali zai waiwayi tarihin ziyarar Dogon Ruwa, wato wurin da ruwa ke kwararowa daga kan dutse a cikin Dajin Kamuku, ƙasar Birnin Gwari, Jihar Kaduna. Dajin ya yi iyaka da na Kuyambana da ke Jihar Zamfara.

A shekarar 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun dajin En'e. Daga bisani, a 1999, Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. Wannan sauyi ya sanya ziyara ta koma bisa ƙa'ida: baƙo ba ya kutsawa shi kaɗai, sai ma'aikacin gandu ya yi masa jagora.

Sai dai bayan shekarar 2010 ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka yi sansani a dajin, kamar yadda suka addabi yankin Gidan Goga a ƙasar Maradun. Maziyarta suka ɗauke ƙafa. Bisa wannan, ana iya cewa doka ce ta buɗe hanyar Dogon Ruwa, rashin tsaro kuma ya toshe ta.