Ƙishirwa ce ta kori gwamna daga Damagaram?

A 2026 ake cika shekara ɗari da Faransawa suka kwashe ofisoshin mulkin Nijar daga Damagaram suka kai Yamai, kuma har yau dalilin da aka fi maimaitawa shi ne ƙarancin ruwa. Ba ƙarya ba ne. Garin yana zaune a kan dutsen da ba ya riƙe ruwa, rijiyoyinsa kan ƙafe da bazara, shi ya sa daga baya sai da aka janyo ruwa daga Arunguza da Ganaram. Amma wannan dalili shi kaɗai bai isa ba, domin Faransawan nan ne da kansu suka maido da hedikwata Damagaram a 1911 bayan ta ɗan zauna a Yamai, alhali sun shekara goma sha biyu suna shan ruwan garin, sun san halinsa sarai.

Zamansu da garin tun farko na doya da manja ne. A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive bisa umarnin Sarki Amadu Kuran Daga. Littattafan Turawa sun kira abin ha'inci ga baƙo. Sai dai baƙon nan hanyarsa ta wajen Rabe ce, wanda ya ci Borno a 1893 ya kuma zuba wa Damagaram ido, kuma sarkin da ya gaji ganuwa da igwa daga Sarki Tanimu ba zai zauna yana kallon maƙiyinsa na neman ƙawancen masu bindiga ba. Wannan bayanin ya fi kama hankali. Ramuwa ta zo a Tirmini a Yulin 1899, aka fatattaki rundunar Damagaram, aka bi sarkin aka kashe shi, sannan aka gina bariki a kan dutse aka sa masa sunan Cazemajou, yadda duk mai fita daga Birni zai ɗaga kai ya gani. A 1906 kuma suka ce sun bankaɗo shirin tawaye, suka tsige Sarki Amadu ɗan Bassa suka kai shi Kwaddibuwa, suka bar wa wani bafade, Ballama, riƙon ƙwarya. Sarautar ba ta dawo hannun gidan ba sai 1923.

Mai musu zai ce in tsoron garin ne ya kore su, me ya sa suka dawo a 1911, bayan duk wannan? Amsar tana arewa da gabas. Lokacin mulkin soja ne, idonsu na kan Abzin da Tafkin Cadi, kuma daga Damagaram ake kaiwa can. Da aka murƙushe tawayen Kawsen da ya kewaye Agadas a 1916 zuwa 1917, aka kuma mayar da yankin mulkin farar hula a 1922, sai lissafi ya sake. Abin da ya rage a gaban gwamna Jules Brévié shi ne gari mai tazarar kilomita kusan 240 kacal daga Kano, inda jirgin ƙasan Ingilishi ya riga ya iso. Fataken unguwar Zango can suke kai fata da dabbobi, can suke sayo tufafi, malamai da aure ma ba su san iyaka ba. Yamai kuwa 'yan ƙauyuka ne a bakin kogi, babu fadar da za ta yi gogayya da gwamna, ga hanyar Dahomey zuwa teku duk a hannun Faransa.

Bayan haka labarin gajere ne. Makarantu da ayyukan gwamnati suka karkata yamma, Damagaram ta koma hedikwatar jiha mai nisan kilomita wajen 900 daga fadar mulki. Ɗanta Mahamman Usman ya hau kujerar shugaban ƙasa a 1993, matatar man SORAZ ta fara aiki a 2011, amma da bazara har yanzu 'yan garuwa ne ke shayar da unguwanni da dama.