Daga Ɗan Jarida Zuwa Ɗan Soli: Sunayen Manema Labarai a Zangon Ankara

Wannan takarda za ta dubi sunayen da ake kiran manema labarai da su a unguwannin Hausawa na Ankara, babban birnin Gana, kamar Nima da Mamobi. Ankara dai ita ce Accra a bakin Hausawa tun zamanin fataucin goro.

Kalmar jarida ararriya ce daga Larabci, ta kuma zauna da gindinta a Hausa bayan fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, ƙarƙashin Abubakar Imam. A Gana kuwa jaridun Turanci ne suka cika kasuwa. Daily Graphic, wadda aka kafa a 1950, ta yi ƙarfin da har mutane kan kira kowace jarida girafik. Hausa ta fi samun gurbi a gidan rediyon gwamnati, shi ya sa tsofaffin zango suka fi sanin muryar ɗan jarida fiye da alƙalaminsa.

Kalmar da ta fi jan hankalina ita ce soli. An gutsuro ta ne daga kalmar Ingilishi mai nufin haɗin kai, amma abin da ake nufi shi ne ɗan kuɗin da mai taro kan miƙa wa wakilin jarida, wai kuɗin mota. A Nijeriya ambulan ake cewa. Ɗalibi ya lura da ƙirar: da an ɗora ɗan a gaban kalmar sai a sami ɗan soli, tamkar ɗan kamasho ko ɗan daudu, inda ɗafin kan ɗauki raini. Wanda aka kira haka an mayar da shi maroƙi ke nan, mai wasa wanda ya biya. A ganina zargin bai cika adalci ba, domin albashin yawancinsu ba ya kai su ƙarshen wata.

Soke dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna a 2001 ya buɗe fagen bincike, sai tsoffin kalmomi irin su ɗan leƙen asiri da munafuki suka sami sabon aiki. Waɗannan sun fi soli haɗari. Ahmed Hussein-Suale, abokin aikin Anas Aremeyaw Anas a binciken cin hanci a ƙwallon ƙafa na 2018, an nuna hotonsa a talabijin ana tunzura jama'a a kansa. A watan Janairun 2019 aka harbe shi a Madina, unguwar da ke cike da 'yan zango.