Siminti ya tashi, haya ta tsaya: darasin 1994

Iyayenmu da dama a Yamai, Maraɗi da Damagaram sun ɗauki gidan haya a matsayin rumbun tsufa. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa, ma'aikaci kan sayi fili, ya tayar da ɗakuna huɗu ko biyar, ya zuba ƴan haya, ya kwanta da tunanin ritaya ta samu madogara. Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, wannan lissafi ya fara tangarɗa.

Babban bugu ya zo ne a watan Janairu na 1994, lokacin mulkin Mahamane Ousmane. A taron Dakar aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Duk abin da ake shigowa da shi ta tashar Kwatano, rodi, kwanon rufi, fenti, bututun ruwa, wayar lantarki, ya yi tsada kwatsam. Ƴan kasuwar Maraɗi da suka saba sayo kaya da araha a Kano su ma suka ga sefarsu ta rage ƙarfi a gaban naira.

To me ya hana masu gidaje su ninka haya? Ɗan hayan ne ba shi da abin bayarwa. Da yawansu malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati, a zamanin da albashi kan yi watanni bai fito ba, ana yajin aiki, makarantu na rufe. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma aka fara ɗaukar malamai ƴan kwantaragi, masu albashin da bai kai na tsofaffin ma'aikata ba. Mai gida in ya ƙara kuɗi, ɗaki ya zauna fanko. In bai ƙara ba, hayar ba ta isa gyara. Sai mafi yawa suka bi hanya ta uku: suka daina gyara. Rufi na yoyo, shadda ta cika, katanga ta tsage, kowa na zargin ɗan uwansa.

Tarihin ya maimaita kansa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Takunkumin CEDEAO da rufe iyakar Benin suka tilasta wa kaya zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Daminar 2024 ta zo da ambaliyar da ta rusa dubban gidaje, har da tsohon masallacin Damagaram, abin da ya sa gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba na shekarar.

Abin lura shi ne, kasuwar duniya ce ke yanke kuɗin gini, amma haya aljihun ɗan haya take bi. Uban da ke shirin zuba gumin shekara talatin a gidan haya ya fara ware kason gyara daga kowace haya kafin ya ci ko dala. Malamin da ke haya kuma ya nemi a rubuta yarjejeniya tun ranar shiga, gaban shaidu: nawa ne kuɗin, yaushe za a iya ƙarawa, wa zai gyara rufi in damina ta kama.