Masassaƙan Mambila da Dodonsu

Mu nan ƙasar Kano, ko a Gude ko a Gwarzo ko a Kabo, in an ce masassaƙi, sai mu tuna da turmi da akushi da allo da ƙotar fartanya. To, akwai inda gizago ya yi aikin da ya fi wannan nauyi, watau ƙasar Mambila.

Mambila suna zaune kan tsauni mai tsananin sanyi a iyakar Nijeriya da Kamaru. Babban garinsu Gembu, cikin Jihar Taraba. A ƙarni na 19 Filanin Banyo sun sha kai musu hari. Daga baya Jamus suka mallaki ƙasar, sa'an nan Ingilishi suka karɓe ta bayan yaƙin 1914. Cikin 1961 aka jefa ƙuri'a, yankin ya shiga Nijeriya.

Babban aikin masassaƙansu shi ne kan dodo, wanda ake kira Suwaga. Itace ake fafewa, a fitar da shi da kamannin kare ko tsuntsu, baki wangame, a shafa masa ja da fari da baƙi. Mutum ya kifa shi a ka, ya rufe jikinsa duka da riga ta zare, ya fito lokacin shuka. Ba a yarda mata su gan shi ba. Da sunan nan kuma ake rantsuwa: in rigima ta tashi, sai a yanka kaza bisa damin ganye, a roƙi sharri ya faɗa wa maƙaryaci. Ashe dodon nan ba wasa kaɗai ba ne, tsoronsa shi ke riƙe da gaskiya tsakanin mutane. Suna kuma sassaƙa 'yan gumaka, Tadep, su ajiye a ɗakin tsafi.

Amma itace ba ya jimrin gara da damina. Da Musulunci da Kiristanci suka yaɗu, sassaƙar ta ja baya, masu saye kuma suka kwashe da yawa zuwa Turai da Amurka. Da C. K. Meek bai rubuta labarinsu cikin 1931 ba, shi da waɗanda suka biyo bayansa, da abin da muka sani kaɗan ne.

Ku 'yan makaranta, garinku ma da tsofaffin masassaƙa. Ku je ku tambaye su da wane itace ake turmi, wa ya koya musu, ku rubuta tun suna da rai. Allah ya sa mu dace, amin.